Ƙarfen da Ya Kewaye Tsamiya

Talata, 1 ga Satumba 1964, da hantsi

Gero ya nuna. Jiya na shiga gonar gabas na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ƙwaya ta faɗo cike. Ban kai baki ba. A gidan nan ba a ɗanɗana sabon hatsi sai an kai baƙin bunsuru gindin tsamiya an zuba wa Uwargona, iskar wurin, jini. Haka ubana ya yi, haka ubansa. Ni Mati shekara talatin da ɗaya ina yi, ban taɓa tsallake damina ba.

Bana sun kewaye tsamiyar da ƙarfe.

Ina rubuta wannan don in na mutu kada a ce ban yi magana ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rani biyu, na bari ranar da malamin ya ce in ɗaga hannu kafin in buɗe baki. Wanda ya ga harafi a karkace ya miƙe shi da kansa.

Alhaji Lawal mai motoci ne ya sayo abin a wajen waɗansu masu aikin madatsar ruwa da suka gama suka tafi. Wai jirgi ne. Jirgin gaske yana nan tashar Funtua, ƙarfe biyu yake bi, kuma yana da inda za shi. Wannan ƙarfe ɗaya ne a kan 'yan ƙafafu iya gwiwa, da taragu uku, da inji mai kuka irin na niƙa. Ya tashi daga bakin kasuwa, ya bi tafkin kada, ya wuce kejin kura da jiminar da Alhaji ya ajiye, ya raɓi dutse, ya bi ta bayan tsamiyarmu ya koma inda ya fito. Sha-zagaye suke ce masa. Tsamiya tana ciki, gidana yana waje, kuma ba ƙofa ko ɗaya.

Mutum zai ɗaga ƙafa ya ƙetara. Bunsuru ba zai ƙetara ba. Da ƙafarsa yake zuwa, kuma ƙarfen farko da zai gamu da shi a hanya shi ne wuƙa. Ranar ko fartanya ɓoye ta muke yi. Bunsurun ba ya bi ta saman ƙarfe, ba ta ƙasansa, ba a kafaɗar mutum ba.

Laraba, da la'asar

Ina zaune gindin tsamiya suka zo. Ma'aikatan Zariya ne da matansu, da wani Bature na kamfanin auduga. Jirgin ya rage gudu daidai ni. Wata ta nuna ni da yatsa ta ce, "Shi ne bokan?" Baturen ya ɗaga abin hoto. Kura suka fara kallo, sannan jimina, sannan ni.

Wanda ya rage musu gudun mijin Rabi ne. Ɗana na fari. Shi ne direba, da hular kaki. Bai dubi inda nake ba, ni ma ban dube shi ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na je wajen Alhaji Lawal. Sai da na tsaya a rana ya gama da 'yan kamashonsa.

"A'a, Mati na Tsamiya! Yaya iskokai? Sun kwana lafiya?"

Na ce lafiya lau suka kwana, sun ce a gaida mutumin da uwarsa ta zo ta roƙe su haihuwa. Mutanensa suka sunkuyar da kai. Shi ya yi dariya, amma ta baki ce.

Na ce gaɓa ɗaya nake so a ɗage, safiya ɗaya, kafin rana ta yi zafi an mayar.

Ya ce, "Injiniya ne ya ɗaura ƙarfen nan ya auna shi da ruwa a kwalba. In kwance shi don akuya? Ka ɗauko abinka a mota, ni zan ba ka motar kyauta."

Na ce mota da me aka yi ta?

Ya ce, "To ka yanka a gida mana. Aljanin naka ba shi da ƙafa ne?" Sannan ya ce ma in sanar da shi ranar, akwai baƙin Kaduna da za su so su gani, zai sa a tsayar musu da jirgi.

Wannan yaron ina ganinsa yana tallar rogo ba wando. Filin da tsamiyar take kakana ya sare dajinsa. Takarda suka nuna min wai hurumin gari ne. Wa ya tambayi takarda lokacin da kura ta gaske take yawo a wurin, ba ta keji ba?

Asabar, da safe

Tani, matata, ta shiga rumbu ta fito da dawa ƙwarya huɗu. Ta ce ita ke nan, har da ƙasar gindin. Mu goma sha ɗaya ne a gidan.

Lahadi, da yamma

Marcellinus makanikin jirgin ya biyo ta gona bayan ya taso daga coci. Ubansa Inyamuri ne, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Alhaji daɗi. Ya durƙusa ya gaishe ni, wannan kam ba zan hana shi ba.

"Baba, na ji abin da ya faru. In na kawo katako na yi gada a kan ƙarfen, na zuba ƙasa a kai, bunsuru ya bi, ai bai taɓa ƙarfe ba."

Na ce in ka rufe rijiya da tabarma ta daina zama rijiya?

"To in haƙa rami ta ƙasa."

Na ce ƙarfen yana bisa kansa ke nan.

Ya sosa ƙeya. "Baba, wannan Uwargona taku ta fi Fada namu tsanani. Shi in ka yi kuka yana sassautawa." Na kusa dariya, na fasa. Ya ce shi ɗan aiki ne, in ya kwance ba izini aikinsa ya tafi, ga mata ga goyo. Ya ce in ba shi lokaci zai san dabara.

Lokaci. Kowa lokaci. Shi yana da shinkafa a gida.

Talata, da azahar

Kunu da safe, kunu da rana. Gero tsaye a gona tsuntsaye suna ci. Tsuntsu ya ci, jikana bai ci ba.

Laraba, da almuru

Tani ta ce, "Maigida, mai hular kaki yana kwana cikin gidan nan, sifanar kwance ƙarfen tana rataye a ɗakinsa. Ka aika Rabi ta gaya masa."

Ita ma ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Tun yana goye ban taɓa kiransa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, haka aka yi mu. In da magana sai a bi ta wani. Amma wannan ba maganar da za a bi ta wani ba ce. Ya san gero ya nuna. Ya san bunsurun, shi ya ɗaure shi a turke da bazara. Tun yana shekara bakwai yake riƙe min igiya zuwa tsamiya. Sai na aika suruka ta roƙar min ɗana hanya zuwa wurin ubana?

Na ce ba zan aika ba. Mai ido ya gani.

Ta ce, "Taurin kanka zai kashe mu da yunwa." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Alhamis, da hantsi

Na ji ƙamshin tumu a bayan ɗaki. Na zagaya na tarar da Rabi ta gasa zangarniya biyu tana shirin murza wa yara. Na fizge na jefa a kan danga. Ƙaramar ta fashe da kuka.

Rabi ba ta taɓa ɗaga min ido ba sai yau. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma ni ba zan kalli 'ya'yana suna lasar ƙwarya ga hatsi a gona ba. In Talata ta zo ba a yi ba, ko su ci a nan, ko in kai su Ƙarfi gidanmu su ci a can."

In suka ci kafin a zuba jini, shi ke nan. Baɗi ba wanda zai jira ni. Gidan ya zama gidan kowa, tsamiya ta zama itacen miya.

Asabar, da safe

Na zauna kan dutse na kalli mai hular kaki yana bin ƙarfen gaɓa gaɓa yana ɗaure noti. Kowace mahaɗa ƙusa huɗu. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Wannan ne aikin da ake sa wa hula?

Ya zo daidai tsamiya ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Na ce yanzu zai juyo. Ya goge hannu a wando ya wuce.

Lahadi

Ban aika ba. Bai zo ba.

Litinin, 14 ga wata, rana ta ɗaga

An yi.

Bunsuru ya tafi da ƙafarsa, a kan ƙasa, ba abin da ya gitta masa. Jini ya zuba sosai, ya bi saiwar gabas, alama mai kyau. Ni kaɗai ne da jaki. Ban taɓa yi ni kaɗai ba. Igiyar ma ni na riƙe.

Gaɓa ɗaya na kwance da asuba, aka wuce na mayar. Na mayar da sifana inda take kafin mai ita ya tashi, Litinin ba ya fita da wuri. Bayana kamar an sassare shi. Jakin ya fi mutanen garin nan amfani.

Litinin, da la'asar

Ciyawar wurin ta kai gwiwa, ga laka. Abu in ya faɗa ciki sai wanda ya gani. Ƙusoshin mahaɗa biyu ne suka faɗa min. Na laluba har yatsuna suka yi jini.

Ina da guntun ƙirya da na ajiye don ƙotar gatari. Na fere biyu daidai ramin, na buga da dutse, na shafe da baƙin mai. Ƙirya ce. Taɓaryar uwata ta ƙirya ce, har yau ana daka da ita. Ƙarfe ma tsatsa yake yi.

Talata, da almuru

Tuwon sabon gero da miyar kuɓewa da naman bunsuru. Yara sun ci har suna barci a zaune. Tani ba ta tambaye ni ta inda na bi ba. Rabi ta kai wa mijinta nasa, ƙwaryar ta dawo a suɗe.

Ya ɗauka na haƙura na ƙetara da bunsurun, na sani. Duk haka suka ɗauka. Su ɗauka.

Alhamis, da la'asar

Jirgin ya wuce sau shida yau. Ba abin da ya faru.

Asabar, da safe

Ranar ɗaure noti. Na zauna kan dutse. Ruwa ya sauko kafin ya kai tsamiya, ya koma da gudu.

Na sake duba ciyawar. Babu.

Laraba, da azahar

Muna yankan gero. Kowa yana waƙa, ni kunnena yana can. In jirgin ya zo daidai wurin yana yin wata 'yar ƙara, ƙwas. Ko da can yana yi? Ina jin da can ma yana yi.

Asabar, 26 ga wata

Yau bai bi ƙarfen ba. Alhaji ya sa su fenti, shi da Marcellinus, saboda bikin ɗaya ga wata. Kore da fari. An ƙaro tarago na huɗu.

Tani ta ce me ya sa ba na cin abinci, ni da na tada gida a kan hatsi. Na ce haƙori ne.

Talata, da yamma

Na gamu da Marcellinus a hanyar kasuwa. Ya ce, "Baba, ashe kun yi abinku? Na ce wa Baƙo tsohon nan zai sauko." Ɗana yake nufi, haka suke kiransa. Na buɗe baki. Sai ya ce, "Kun ga, bunsuru ya ƙetara, sama ba ta faɗo ba." Na rufe bakina na wuce.

Da bai faɗi haka ba da na gaya masa. Shi ya ja.

Alhamis, 1 ga Oktoba, da hantsi

Tun safe ake ganga. 'Yan makaranta da tutoci, mutanen Bakori, mutanen Malumfashi, har a kan rufin taragu. Ban taɓa ganin an loda shi haka ba. Ba zan je ba. Ina da ɗaurin dami.

Alhamis, da la'asar

Na ji daga gona.

Juma'a

Baƙin ba wanda ya mutu. Laka suka faɗa, wata mata ta karye a hannu, sauran ƙujewa. Injin ne ya kife. Direba yana zama a kan injin.

Rabi tana asibiti. Tani tana asibiti. Ni ina tsaron gida, dole wani ya tsare gida.

Asabar, da azahar

Sun ce ƙafar dama ce, daga gwiwa.

Wa ya ce a loda mutum sittin a abin mutum ashirin? Wa ya ƙaro tarago? Wa ya kewaye wurin mutane da ƙarfe tun farko? Na je na roƙa a rana, gaban 'yan kamasho. Safiya ɗaya na ce. A rubuta wannan. Safiya ɗaya na ce.

Litinin, da safe

'Yan doka sun tafi da Marcellinus. Alhaji ya ce sakacin makaniki ne.

Laraba

Ban je ba tukuna. Tani ta dawo ɗaukar zane, ta dube ni, ta dubi gatarina da ke jingine ba ƙota. Ta ɗauki zanenta ta fita. Shekara arba'in ba ta taɓa rasa abin cewa ba sai yau.

Juma'a, da la'asar

Sun sako shi. Kwana huɗu. Ya zo gona, fuska a kumbure gefe ɗaya. Yau bai durƙusa ba.

Ya buɗe hannu. Guntayen ƙiryar da na fere ne, guda biyu, kowanne ya rabe tsakiya, baƙin man ya goge.

"Ni na fara isa wurin, Baba. Na cire su na sa a aljihu kafin mutane su taru."

Na ce ban san me yake nufi ba.

"Sun tambaye ni ina ƙusoshin, na ce sun karye sun faɗa laka. Sun mare ni na sake faɗin haka." Ya zuba su a gabana. "Ba don ku ba. Don Baƙo ne. Ya rasa ƙafa, ba zan sa a ɗaure masa uba a kai ba."

Na ce ni ban roƙe shi ba.

Ya dube ni. Ya ce, "Haka ne. Ba kwa roƙo." Alhaji ya kore shi, kuma ba mai ba shi ko keke ya gyara a garin nan yanzu. Zariya za shi wajen ƙanin matarsa.

Ban roƙe shi ba. Ban ce ya ɗauka ba. Yanzu kuma sai in riƙa jin nauyin Inyamuri har in mutu.

Lahadi, 11 ga wata, da yamma

Na je.

Ɗaki mai gado takwas, warin magani. Bargon ya kwanta shafal inda bai kamata ba. Na tsaya bakin ƙofa, nan ne wurina. Ya rame. Ya ga ni, ya mai da ido kan rufi.

Ya ce, "Rabi, gaida Baba da hanya."

Ta gaishe ni. Na ce ta tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi. Wani a gadon kusa yana ta tari.

Sannan ya ce, "Rabi, gaya wa Baba na ga itacen tun ina ƙarƙashin injin. Na san firarsa, shi ya fere min ƙotar fartanyata ta farko."

Rabi ba ta maimaita ba. Ba ta san zancen ba sai lokacin, na ga fuskarta.

"Gaya masa tun ranar da gero ya nuna nake kwana da sifana a ɗaki, ba a wurin aiki ake barinta ba? Na ce ko Rabi ya aiko, ko yaro, ko ya yi gyaran murya a ƙofata. Da asuba ɗaya na buɗe masa na mayar, in Alhaji ya kore ni ya kore ni. Na tsaya a tsamiya ran Asabar ina jira, yana kan dutse yana kallona."

Na ce Rabi ta gaya masa ɗa ne ke zuwa wajen uba.

Ya ce, "Gaya masa tun da na sa hular nan bai amsa gaisuwata ba ko sau ɗaya. Da wace fuska zan zo?"

Na ce ta gaya masa an yi yankan daidai, jini ya bi saiwar gabas.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ya rufe ido. Rabi ta ce, "Baba, ku tafi." Suruka ta ce min in tafi, gaban mutum takwas. Na tafi.

Laraba

Tani tana kai tuwo, tana dawowa da shi. Ya ce na asibiti ya ishe shi.

Talata, 20 ga wata, da hantsi

Sun zo da motar Alhaji suna kwance ƙarfen. Wai ba mai hawa kuma, zai sayar wa maƙeran Kano. Kura ma an ba wani mai wasa. Gaɓa ɗaya na roƙa aka ce injiniya, aka ce ruwa a kwalba. Yau leburori huɗu sun kwashe rabi kafin azahar, suna waƙa.

Asabar, da safe

An sallame shi. Bai shigo ba. Motar ta tsaya bakin hanya, Rabi ta shigo ta ɗaure kaya ta kwashi yara. Ƙarfi za su, wan Rabi tela ne, zai koya masa ɗinki da keken hannu. Na sa an fito da dami goma an kai bakin mota. Direban ya ɗora, na ga hannu ya fito ta taga ya yi magana, direban ya sauke.

Tani ta bi su, wai sai ya saba da sanda za ta dawo. Ta ɗauki tukunyarta babba.

Asabar, da la'asar

Na ɗebo damin na mayar rumbu ni kaɗai, sawu goma. Rumbu ya cika har baki, ban taɓa samun gero kamar na bana ba.

Na je tsamiya. Ba ƙarfe ko ɗaya, sai ramukan ƙafafunsa ruwa ya kwanta a ciki. Ta gabas a buɗe, ta yamma a buɗe, ta ko'ina mutum ya ga dama ya shigo da bunsurunsa. Na zauna har inuwa ta juya. Ba wanda ya zo kallo.

Gobe sai in koyi daka.